Jagorar Bincike kan Jerin Haruffa: Yadda Ake Koya wa Kwamfuta Gane Sunayenmu

Jerin haruffa, a wurin masu kimiyyar kwamfuta, shi ne duk wani rubutu da aka ajiye harafi na bin harafi, ko sunan mutum ne, ko saƙon waya, ko shafin jarida, ko kuma bayanin ƙwayoyin halittar ɗan Adam wanda ake rubutawa da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, har tsawonsa ya kai kusan biliyan 3. Tun daga shekarun 1960 masana ke bincike a wannan fanni, kuma manyan tambayoyinsu su ne inda wani ɗan jeri yake a cikin dogon matani, da yadda za a auna kusancin jeri biyu da ba su zo daidai ba, da yadda za a tsara matani tun da wuri domin nema ya yi sauƙi daga baya. Yawancin dabarun da aka samo an gwada su ne a kan rubutun Turanci ko a kan ƙwayoyin halitta, amma ɗalibin da ke karatu a jami'ar Ngaundere ko ta Marwa ko ta Garwa a arewacin Kamaru, ko ta Njamena a Chadi, yana da wata matsala a ƙofar gidansu wadda waɗancan masana ba su yi fama da ita ba. A wannan yanki suna ɗaya yana da rubutu uku. Mutumin da takardar haihuwarsa ta kira Ousmanou, abokin cinikinsa na Mubi Usmanu yake rubuta shi, idan kuma ya haye gada daga Kuseri zuwa Njamena, inda Larabci da Faransanci suke harsunan hukuma, yana iya ganin sunansa da baƙaƙen Larabci biyar. Wannan jagora ta bi aikin gina manhajar da za ta gane cewa sunan ɗaya ne, domin a cikin wannan aiki guda ana haɗuwa da yawancin manyan dabarun fannin.

Mataki na farko: tsayar da tambaya

Kafin ka rubuta layi ɗaya na manhaja, ka zauna ka yanke abin da kake nufi idan ka ce sunaye biyu ɗaya ne, domin akwai matsaloli uku da suke kama da juna alhali maganinsu daban. Ta farko ita ce bambancin ƙa'idar rubutu, kamar Moussa da Musa, inda babu wanda ya yi kuskure a cikin marubutan biyu. Ta biyu ita ce tuntuɓen yatsa, inda magatakarda ya buga Muosa ko ya tsallake harafi. Ta uku ita ce laƙabi da gajarta suna, inda Abubakar ya zama Garba ko Bouba ko Abakar. Ƙa'idojin juya rubutu suna warware ta farko, lissafin tazara, wato ƙirga gyare-gyaren da ke raba rubutu biyu, yana warware ta biyu, amma ta uku babu lissafin da ke iya mata, sai jadawalin da mutum ya zauna ya tsara da hannunsa. A ganina ya fi wa ɗalibi alheri ya ɗauki biyun farko a kundinsa, ya bayyana a fili cewa ta ukun ya taɓa ta ne sama-sama. Ka kuma rubuta tun a shafin farko cewa daidaiton suna ba daidaiton mutum ba ne, tunda aji ɗaya a Garwa yana iya ƙunsar yara da dama masu suna Hamadou Bouba, kuma raba su aikin ranar haihuwa ne da sunan mahaifiya.

Mataki na biyu: tattara sunaye na gaskiya

Sunayen da ka ƙirƙira da kanka ba za su nuna maka komai ba, saboda kuskuren da ka ƙaga irin wanda ka riga ka san maganinsa ne. Ka nemi rajistar makaranta, ko ta ƙungiyar manoman auduga, ko ta 'yan adashe, musamman inda mutane daban-daban suka rubuta sunaye iri ɗaya a lokuta daban-daban. Ka nemi izini a rubuce, ka kuma raba sunan yanka da sunan mahaifi, ka zubar da lambar waya da adireshi, ta yadda abin da ya rage a hannunka kalmomi ne ba mutane ba. Chadi tana da dokar kare bayanan mutane tun 2015, Kamaru kuma ta kafa tata a Disambar 2024. Ka adana fayil na asali a gefe ba tare da ka taɓa shi ba, duk gyaran da za ka yi ya kasance a kan kwafi, kuma manhaja ce za ta yi shi ba hannu ba, domin wani ya iya maimaitawa.

Mataki na uku: sanin abin da kwamfuta ke kira harafi

A nan ne yawancin ayyuka ke lalacewa ba tare da mai su ya lura ba. Tsarin ASCII, tsohon tsarin ba haruffa lambobi a kwamfuta da aka fitar a 1963, yana da alamomi 128, kuma babu ɓ ko ɗ ko ƙ a cikinsu, haka ma babu é ta Faransanci. Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya bai wa kowane harafi lambarsa: ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199, ƴ kuma tana U+01B4. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana ajiye harafin ASCII da bayit ɗaya, wato ƙaramin ma'aunin ajiya na kwamfuta, amma kowane ɗayan waɗannan haruffa masu lanƙwasa, da baƙaƙen Larabci na yau da kullum, bayit biyu yake ci. Saboda haka kalmar ƙanƙara haruffa 7 ce, amma bayit 9, kuma wanda ya rubuta manhajarsa da harshen C yana ƙirga bayit, zai samu tazarar da ke tsakanin ƙ da k ta zama biyu maimakon ɗaya, ko ma ya yanka harafi a tsakiyarsa.

Abin da za ka fara dubawa shi ne ko fayil ɗin ya riga ya gurɓata. Idan aka karanta rubutun UTF-8 da tsohon tsarin Windows-1252, ƙ takan koma Æ™, é kuma ta koma Ã©. Irin wannan ɓarna tana gyaruwa idan aka mayar da karatun baya, amma inda harafin ya riga ya zama alamar tambaya, ya tafi ke nan, sai a koma ga takarda.

Bayan haka sai daidaita siffa. Harafin é yana da hanyoyin ajiya biyu a Unicode, ko lamba ɗaya U+00E9, ko e ta bi da alamar U+0301, kuma a ido ba ka iya bambanta su, amma kwamfuta tana ganin jeri biyu ne daban. Siffar NFC tana haɗe su, siffar NFD tana warware su, kuma a Python ɓangaren unicodedata yana yin duka biyun. Dabarar da aka saba ita ce a warware da NFD a zubar da alamomin da ke kan wasali, sai Aïssatou ta koma Aissatou. Sai dai wannan dabara ba ta taɓa haruffanmu masu lanƙwasa, domin Unicode bai ɗauki ƙ a matsayin k mai ɗauke da alama ba, harafi ne mai zaman kansa. Idan kana son ƙ ta haɗu da k, dole ka rubuta ɗan jadawalinka. Ya kamata kuma ka so hakan a wurin sunaye, tunda allon buga rubutu na AZERTY da ke ofisoshinmu ba shi da waɗannan haruffa, amma kada ka yi shi a kan matanin Hausa gaba ɗaya, inda ƙafa da kafa kalmomi biyu ne.

Alamar alhamza ita ma tana da fuska uku, U+0027 da U+2019 da U+02BC, kuma manhajojin rubutu sukan sauya ta farko zuwa ta biyu ba tare da sun tambayi kowa ba, don haka Sa'adu yana iya zama sunaye uku a fayil ɗaya. Ka zaɓi ɗaya ka mayar da sauran gare ta. Ka kuma tuna cewa abin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, ƴ ake rubuta shi a Nijar da kuma a Fulatancin Kamaru. Wajen mayar da manyan baƙaƙe ƙanana, kada ka dogara da rumbun bayanai ba tare da gwaji ba: SQLite, yadda yake zuwa, haruffan ASCII kaɗai yake juyawa, sai ya bar Ƙ da É yadda suke.

Idan akwai rubutun Larabci ko ajami a cikin bayananka, sai ka cire wasulla da jan layin ado mai lamba U+0640, ka haɗe siffofin alif wuri ɗaya, ka kuma lura cewa fa da ƙaf irin na rubutun Warshu suna da lambobinsu daban, waɗanda Unicode ya ƙara wasu daga cikinsu a 2016.

Mataki na huɗu: neman daidai wa daida

Hanya mafi sauƙi ta neman ɗan jeri a cikin matani ita ce a aza shi a kan harafin farko a gwada, idan bai dace ba a matsa gaba da harafi ɗaya a sake daga farko. Idan matanin yana da haruffa n, abin nema kuma yana da m, a mafi munin hali gwaje-gwajen suna kai n sau m. A 1977 Donald Knuth da James Morris da Vaughan Pratt suka wallafa dabarar da ba ta komawa baya a cikin matani ko sau ɗaya, kuma asirinta shi ne a yi nazarin abin neman kansa kafin a fara.

Ɗauki ƙanƙara a matsayin abin nema. A kowane matsayi sai ka tambaya: daga farkon kalmar zuwa nan, haruffa nawa ne na ƙarshe suka yi daidai da na farko? A ƙ, a, n amsar sifiri ce. A ƙ ta biyu amsar 1 ce, a a da ke bin ta amsar 2 ce, tunda ƙanƙa ta fara da ƙa ta ƙare da ƙa, sannan r da a ta ƙarshe su koma sifiri. Jadawalin ya zama 0, 0, 0, 1, 2, 0, 0. Yanzu a ce matanin yana ɗauke da kalmar ƙanƙane. Haruffa biyar na farko sun dace, a na shida aka samu n inda ake jiran r. Hanya mai sauƙi za ta koma harafi na biyu ta sake lale, amma jadawalin ya riga ya faɗa cewa ƙa ɗin da aka karanta yanzu tana iya zama farkon wata dacewa, don haka sai a tura abin neman gaba da matsayi uku a ci gaba daga wannan n ɗin. Da haka aikin gaba ɗaya bai wuce gwargwadon n da m a haɗe ba.

A wannan shekarar ce kuma Robert Boyer da J Strother Moore suka fitar da tasu dabarar, wadda ke fara gwaji daga ƙarshen abin nema, kuma idan ta ci karo da harafin da babu shi a cikinsa sam, sai ta tsallake tsawonsa gaba ɗaya. Wadda ta fi amfani ga aikinmu ita ce ta Alfred Aho da Margaret Corasick ta 1975, domin tana neman dubban kalmomi a karatu ɗaya, kamar idan kana son tsamo duk sunayen garuruwan yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru daga tarin labaran jarida. Ina ba da shawarar ka rubuta dabarar Knuth da abokansa da hannunka domin ka fahimce ta, amma kada ka yi tsammanin za ta fi umarnin nema da ke cikin harshen manhajarka sauri a kan sunaye masu haruffa goma. Wanda ya fi sakewa da Faransanci zai samu bayanin waɗannan dabaru a littafin Algorithmique du texte na Maxime Crochemore da Christophe Hancart da Thierry Lecroq, wanda ya fito a 2001.

Mataki na biyar: auna tazara

A 1965 Vladimir Levenshtein, masanin lissafi a Tarayyar Sobiyet, ya bayyana tazarar jeri biyu da cewa ita ce mafi ƙarancin gyare-gyaren da za su mayar da ɗaya ya zama ɗayan, inda gyara ɗaya yake nufin ƙara harafi, ko cire shi, ko musanya shi da wani. Shekara ɗaya kafin haka Fred Damerau ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na kurakuran rubutun da ya bincika gyara ɗaya ne kawai, idan aka haɗa da juya haruffa biyu maƙwabta. Hanyar lissafin da aka fi koyarwa ita ce ta Robert Wagner da Michael Fischer ta 1974, kuma ya kamata ka cika jadawalinta sau ɗaya a takarda kafin ka ba kwamfuta.

Rubuta moussa a sama, musa a gefe, ka bar gurbi ɗaya babu harafi a farkon kowanne. Layin farko shi ne 0, 1, 2, 3, 4, 5, 6, wato kuɗin gina moussa daga babu. Kowane gida kuma yana ɗaukar mafi ƙanƙanta cikin uku: na samansa da ƙarin ɗaya, na hagunsa da ƙarin ɗaya, ko na kusurwarsa ta sama hagu, da ƙarin ɗaya idan haruffan biyu sun bambanta, ba ƙari idan sun dace. Layin m ya fito 1, 0, 1, 2, 3, 4, 5. Layin u ya fito 2, 1, 1, 1, 2, 3, 4. Layin s ya fito 3, 2, 2, 2, 1, 2, 3. Layin a ya fito 4, 3, 3, 3, 2, 2, 2. Lambar da ke gidan ƙarshe, wato 2, ita ce tazarar, kuma ta yi daidai da cire o da s ɗaya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tazarar ousmanou da usmanu 2 ce, kuma suna ɗaya ne. Tazarar ousmanou da oumarou ita ma 2 ce, tunda cire s da mayar da n zuwa r sun wadatar, kuma sunaye biyu ne daban. Tsakanin amina da aminu tazarar 1 ce kacal, ga shi ɗaya mace ɗaya namiji, alhali mahamat da muhammadu, waɗanda suna ɗaya ne, suna da tazarar 4. Babu wata iyaka da za ka sa wa wannan ma'auni ta kama na gaskiya ta saki na ƙarya, kuma wannan shi ne ainihin abin da bincikenka zai tsaya a kai. Ma'aunin Jaro da Winkler, wanda aka gina a hukumar ƙidayar Amurka, yana ƙara wa sunaye maki idan haruffansu na farko, har zuwa huɗu, sun dace. A wurinmu wannan yakan yi aiki a juye, saboda bambancin rubutu a farkon suna yake zama, kamar Oumarou da Umaru ko Djibrilla da Jibrilla, yayin da Abdoulaye da Abdoulkarim da Abdouraman suke tarayya a farko ba tare da sun zama suna ɗaya ba.

Wani magani da ake iya yi wa ma'aunin Levenshtein shi ne a daina sa wa kowace musanya kuɗi ɗaya: musanya o da u, ko e da i, ko k da ƙ, ta yi arha, musanya n da r ta yi tsada. Game da sauri kuwa, jadawalin yana cin n sau m, kuma a 2015 Arturs Backurs da Piotr Indyk sun nuna cewa ba za a samu hanyar da ta fi wannan sauri ƙwarai ba, sai dai idan wani sanannen hasashe da ba a tabbatar ba tukuna ya zama ƙarya. Ga sunaye wannan ba abin damuwa ba ne, kuma idan tazarar da ba ta wuce wata ƙaramar iyaka ba kaɗai kake nema, Esko Ukkonen ya nuna a 1985 cewa ɗan zirin da ke tsakiyar jadawalin ya isa.

Mataki na shida: gina mabuɗin furuci

Maimakon a kwatanta rubutu da rubutu, sai a fara mayar da kowane suna zuwa wata siffa guda da ke bin furuci. Tsohuwar hanya ita ce Soundex, wadda Robert Russell ya yi wa rajista a 1918, inda ake riƙe harafin farko a mayar da baƙaƙen da ke biye lambobi uku. Ka gwada ta domin ka samu abin kwatanci, amma za ka ga ta ba Ousmanou O255 ta ba Usmanu U255, ta ba Djibrilla D216 ta ba Jibrilla J164, ta ba Tchiroma T265 ta ba Ciroma C650. Dole ka gina naka mabuɗin.

Ƙa'idojin sanannu ne ga duk wanda ya tashi a yankin: tch ta koma c, dj ta koma j, ch ta koma sh, ou ta koma u, baƙi mai ninki ya koma ɗaya. Abin lura shi ne jerin da za a bi. Idan ka juya ch kafin tch, Tchiroma zai zama Tshiroma, ya ɓace. Ita kuma ou tana da hali biyu, domin a gaban baƙi u ce, kamar a Daouda da Aoudou, amma a gaban wasali w ce, kamar a Garoua da Maroua, don haka ƙa'idar w ce za ta riga. Sai u ta ƙarshen suna, wadda ke zuwa ta tafi tsakanin Oumar da Oumarou ko Ousman da Ousmanou. Cire ta yana taimakawa, amma kada ka faɗaɗa ƙa'idar ta cinye kowane wasalin ƙarshe, in ba haka ba Habiba da Habibu za su zama mutum ɗaya. Bayan wannan juyi Ousmanou da Usmanu duk sun koma usman, tazararsu sifiri, Oumarou kuma ya koma umar, har yanzu da tazarar 2 tsakaninsa da usman, ka ga an samu ratar da ma'aunin zai iya aiki da ita. Yana da kyau kuma ka ɗauki sh da ts a matsayin harafi ɗaya ɗaya wajen lissafin tazara, kamar yadda abacadan Hausa ya ɗauke su.

Ga rubutun Larabci, wanda ba a cika sa masa wasali ba, hanyar da ta fi sauƙi ita ce a kwatanta ƙashin baƙaƙe kaɗai, sai usman ya zama smn a ɓangarorin biyu, amma hakan yana haɗe sunaye da yawa, don haka ya dace da tace 'yan takara ne, ba yanke hukunci ba. Jadawalin laƙabi kuwa, da ɗan gari akan ci gari: ka zauna da dattawa da malaman allo su gaya maka cewa Iro da Brahim Ibrahim ne, Manu Usmanu ne, Adoum Adamu ne, ka rubuta daga bakin wace al'umma ka ji kowanne, domin abin da Bahaushe ya sani ba lallai ne Bafulatani ko Babarbare ko Balaraben Shuwa ya yi amfani da shi haka ba.

Mataki na bakwai: idan sunayen sun yi yawa

Sunaye 100,000 suna ba da tagwaye kusan biliyan 5 idan za a gwada kowanne da kowanne, kuma ƙaramar kwamfutar ɗalibi ba za ta ji daɗin wannan ba. Maganin shi ne fihirisa. Mafi sauƙi shi ne a yanka kowane suna gunduwa-gunduwa mai haruffa uku, usman ya ba da usm, sma, man, a ajiye jerin sunayen da ke ɗauke da kowace gunduwa, sannan a lissafa tazara tsakanin waɗanda suka yi tarayya kaɗai. Gyara ɗaya ba ya ɓata fiye da gunduwa uku, saboda haka ana iya lissafa abin da za a rasa, kuma ga gajerun sunaye irin su Isa da Ali gara a yi amfani da gunduwa mai haruffa biyu. Akwai kuma bishiyar Burkhard da Keller ta 1973, fihirisar da ke tsara sunaye bisa tazararsu, amma ingancinta ya dogara ne a kan sharaɗin cewa tazarar kai-tsaye ba ta wuce ta zagaye ba, kuma idan ka sauya kuɗin musanya yadda ka ga dama kana iya karya sharaɗin, bishiyar ta riƙa ɓatar da sunaye shiru.

Ga dogon matani, kayan aikin shi ne jerin wutsiyoyi na Udi Manber da Gene Myers na 1990. Wutsiya ita ce yankin kalma daga wani harafi zuwa ƙarshenta. Kalmar kankana tana da wutsiyoyi bakwai, waɗanda idan aka jera su bisa abacada suka zama a, ana, ankana, kana, kankana, na, nkana, kuma matsayinsu na farawa shi ne 7, 5, 2, 4, 1, 6, 3. Duk wuraren da kan ta bayyana sun zo kusa da juna, na 4 da na 1, don haka ana samo su ta hanyar raba jerin biyu-biyu. A kan wannan tunani ne juyin Burrows da Wheeler na 1994 ya ginu, da fihirisar Ferragina da Manzini ta 2000, wadda manhajojin Bowtie da BWA suka yi amfani da ita a 2009 wajen nema a cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam.

Mataki na takwas: auna sakamako

Ka tsamo tagwayen sunaye daga bayananka, ka ba mutum biyu da suka san yankin, kowanne ya yi hukunci shi kaɗai a kan ko suna ɗaya ne ko a'a, ka rubuta yawan inda suka saɓa, domin inda mutane ba su daidaita ba bai kamata a zargi manhaja ba. Ka tabbatar akwai tagwaye masu wuya a ciki, irin Oumarou da Ousmanou. Sannan ka raba tarin gida biyu, ka gyara ƙa'idojinka a kan kashi ɗaya, ka kulle ɗayan har ranar gwajin ƙarshe.

Lambobi biyu za ka bayar tare. A ce akwai tagwaye na gaskiya 200, manhajarka ta kawo 150, daga ciki 120 ne daidai. Abin da ta faɗa ya inganta da kashi 80 cikin ɗari, amma kashi 60 kaɗai ta kamo na abin da ke akwai. Sassauta iyaka yana ɗaga ta biyu ya saukar da ta farko, kuma wadda za a fifita ta danganta da aikin: a asibiti haɗe fayil ɗin mutum biyu ya fi raba na mutum ɗaya haɗari, a neman suna a jerin sakamakon jarrabawa kuwa gara a nuna wa yaro sunaye biyar ya zaɓi nasa. Ka gwada kowace dabara a kan tarin guda, sannan ka riƙa cire ƙa'idojinka ɗaya bayan ɗaya domin a ga wadda ke ɗauke da nauyin.

Wajen auna lokaci, ka maimaita gwajin sau da yawa ka ɗauki na tsakiya, ka riƙa ninka yawan sunayen ka ga yadda lokacin ke ƙaruwa. Ka yi dukkan gwajin kwamfutar na haɗe da wuta, domin a kan batir takan rage gudu, haka ma a zafin Maris da Afrilu na Marwa da Njamena, inda ma'auni ke wuce digiri 40, gwajin rana da na asuba ba sa ba da lamba ɗaya. Daga ƙarshe ka buga duk tagwayen da manhajar ta kuskure, ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, ka kasa su bisa dalili: na ƙa'idar rubutu, na tuntuɓen yatsa, na laƙabi, da na juya sunan yanka da na mahaifi. Idan wannan karatu ya sa ka ƙara sabuwar ƙa'ida, to kashin da ka kulle ya riga ya buɗe, sai ka tsamo sababbin tagwaye kafin ka sake ba da lamba.